Sada Mai Kulɓa

Farkon sanina da Sada faɗa ne, kuma a kan takalmi aka yi shi.

Kwanansa tara da kama ɗakin saman gidana a unguwar Mansur, nan Makka. Ranar da hantsi na hau in shayar da na'ana'ar da nake shukawa a tsofaffin gwangwanaye ƙarƙashin tankin ruwa, sai ga wata aba mai sheƙi ta sulalo daga cikin laima. Na cire takalmi. Mu nan kowa ya san tsaka abar kashewa ce, kuma wanda ya gama da ita a bugu ɗaya ladansa ya fi yawa. Na ɗaga hannu ke nan, sai na ji an riƙe takalmin ta baya.

"Inna, ki yi haƙuri. Ba tsaka ba ce."

Na juya na dube shi daga sama har ƙasa. Dogo ne, siriri kamar muciya, rigar aikin da aka ba shi ko gwiwar hannu ba ta rufe masa ba.

Na ce, "Kai ɗan gidan wa? Ko hanyar Harami ba ka gama sani ba, ni za ka koya wa tsaka? A goye aka shigo da ni garin nan. Sakar mini takalmi kafin ya sauka a kanka."

Bai saki ba. Ya ce, "Dube ta da kyau, Inna. Tana ƙifta ido. Tsakar ɗaki ba ta da fatar ido, da harshe take lashe shi. Tsaka yatsunta masu faɗi ne, da su take hawa bango. Wannan jikinta sumul kamar kifi, a ƙasa take yawo. Kulɓa ce. Ba ta cizo, ba ta da dafi, ƙwari take ci miki. Kuma cikin ƙasar Harami muke. Lada za ki nema ki kwaso alhaki."

Ban bar maganar a nan ba. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, na ja shi har wurin Malam Abdulwasi'u, limamin masallacin layinmu. Malam ya saurare mu, ya shafa gemu, ya ce, "Hajiya Adama, tsaka dai an ambace ta a hadisi, amma ni ban taɓa tsayawa na duba ko tana ƙifta ido ba. Abin da ba ya cuta kuwa, ba a taɓa shi a nan. In bawan Allah ya ce ba ita ba ce, to, ya fi mu kallo."

Mako guda ban amsa gaisuwar Sada ba. A na biyu na aika masa da tuwo, na ce a gaya masa ba don ya yi gaskiya ba ne, don kada ya mutu mini a saman gida ne. Tun daga ranar unguwa ta sa masa Sada mai kulɓa.

Asalinsu mutanen Malumfashi ne, amma shi a kurmi aka haife shi, wani zangon 'yan goro can bayan Shagamu. Ubansa yana bin gonaki yana sayen goro, yana ɗaura huhu. Sada ya taso yana yanko ganyen fita na naɗe goro a bakin rafi. Ya ce a can in ka shiga daji da rana tsaka sai ka ɗauka magariba ta yi, ganye ya rufe sama, ƙasa kuma kullum a jiƙe, tana warin abin da ya ruɓe. Ni da na rayu tsakanin baƙaƙen duwatsu, sai in ce masa ƙarya yake yi, shi kuwa sai ya yi dariya.

Yana saurayi wani malamin jami'a ya zo yana neman wanda zai kamo masa masu jan ciki. Duk samarin zango suka noƙe. Sada ya bi shi damina uku, yana ɗaga gungume, malamin yana awo yana rubutu. A nan ya koyi abin da ya cika mini kunne da shi shekara ashirin. Ya ce halittun nan gida-gida ne, kamar mutane. Kakansu ɗaya, amma tsaka gidansu daban, ƙadangare mai gyaɗa kai gidansu daban, damo da guza gidansu ɗaya, hawainiya ita da 'yan'uwanta. Gidan kulɓa kuwa ya fi su yawan zuri'a. Akwai ta Arewa mai layi-layi a baya, akwai irin wadda na so in kashe, akwai ta cikin yashi da Larabawa ke kamawa. Sannan akwai ta kurmi, ja.

In ya zo kan jar nan, sai muryarsa ta sauka kamar mai maganar budurwa. Bayanta, in ji shi, launin tagulla ne da aka goge. Haƙarƙarinta ja wur kamar garwashi, an ratsa shi da zane baƙi da fari a tsaitsaye. Maƙogwaronta ɗigo-ɗigo kamar zabo. Har da wutsiya ba ta cika kamu ɗaya ba, ƙafafunta gajeru, jiki kauri. Ba ta son idon mutane. Cikin ruɓaɓɓen ganye take zama, tana cin gara da gyare da dodon koɗi. Ƙwanta biyar ne zuwa tara, a ƙarƙashin gungume, kafin wata biyu sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma da shuɗi a wutsiya suke fitowa, in sun girma ya goge. In ka kama ta a wutsiya sai ta bar maka ita ta gudu. Wata za ta tsiro, amma ba ta yin kyan ta fari. Manoma suna sare ta da adda, wai jan nan nata dafi ne, alhali ko ɗan yatsa ba ta taɓa kumbura wa wani ba. Da rani kuma ba a ganinta sam. Shigewa ƙasa take yi, sai ruwa ya sauka ta fito.

Ya auri Rahama a zangon, suka haifi 'ya ɗaya, Mubina. Tana shekara huɗu goro ya daina riƙe gida, aka samo masa aiki a Makka, shekara biyu. Safiyar tafiyarsa yarinyar ta riƙe masa ƙafar wando ta ƙi saki. Ya durƙusa ya ce mata, "Damina biyu kawai. In na dawo, ruwan fari na sauka, zan ɗauke ki a wuya in kai ki kurmi ki ga jar kulɓa da idonki." Da wannan ta sake shi. Wannan alkawarin shi ne Sada. Duk abin da ya yi a garin nan, a kansa ya yi.

Aikinsa bin motar ruwa, wadda muke ce wa wayit, yana shayar da itatuwan bakin titi a Rusaifa. Mutumin da ya taso inda ruwa ke zuba wata takwas, ga shi yana jan tiyo yana lallashin bishiya kada ta mutu. Shekara biyu ta cika, aka ce ya ƙara ɗaya. A cikin ta ukun Rahama ta rasu, zazzaɓin kwana huɗu. Kafin ya nemi izinin tafiya, kamfanin ya watse, kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takarda, ya yi ɓatan dabo da fasfo da komai. Iƙama, takardar izinin zamansa, ta mutu a aljihunsa. Yarinya kuma aka kai ta Malumfashi wurin ƙanwarsa, inda babu kurmi sai gonar dawa.

Daga nan ya zama irin mutanen da ke tafiya suna waiwaye. Yana gyaran tanki, yana shayar da lambunan masu hali a Utaibiyya, kuma babu lambun da bai san kulɓarsa ba. Ni kuwa ya zame mini hannu da ƙafa. Ɗana namiji ɗaya ne, Lurwanu, mota ta kashe shi a hanyar Jidda tun kafin zuwan Sada. 'Yan matan sun yi aure sun yi nisa. Sada ke hawo mini da tukunyar gas, shi ke riƙe mini hannu a cunkoson ɗawafi, shi ke shan zagina da safe ya ce, "Inna, yau kin tashi lafiya, bakin ya dawo."

Duk shekara in alhazai za su koma, sai ya ba su kaset su kai wa Mubina. Ba nasiha a ciki, ba komai, sai labarin kulɓa. Da waya ta zo, ranar Juma'a bayan an sauko ya zauna a matakala suna hira. Kullum ƙarshen maganarta ɗaya ne: "Baba, saura damina nawa?" Shi kuma ya ce, "Ta kusa."

Tana shekara goma sha uku aka yi afuwa. Aka ce duk wanda takardunsa suka mutu ya fito, za a bar shi ya koma gida ba tara ba ɗauri. Sada ya sayi jaka. Ya sayo jan mayafi mai ratsin baƙi, ya shimfiɗa mini a tabarma ya ce, "Kin ga, Inna, kusan haka jar kulɓar take." Fuskarsa kamar ta ango.

Na dubi jakar, na dubi matakalar da zan riƙa hawa ni kaɗai, sai bakina ya fara aiki.

Na ce, "Sada, kana da hankali kuwa? Mutane suna sayar da gona su zo kwana arba'in, kai Makka ta karɓe ka shekara tara, za ka juya mata baya? Wanda ya fita da ƙafarsa, ba ta sake kiransa. Wa ya san inda ajali yake? Kana so a yi maka salla a Harami, ko a wani zango bayan Shagamu da liman mai tari? Kuma ka koma ka ci me? Yarinya tana karatu, ganyen fita ne zai riƙe ta? Ka bari ta gama. Kulɓa ba za ta gudu ba."

Aka kira La'asar. Sannan ya ce, "Na yi mata alkawari, Inna."

Na ce, "Alkawarin ƙadangare!"

Ya ce, "Kulɓa," a hankali, ba dariya. Ya naɗe mayafin.

Duk abin da na faɗa, haka mutanenmu ke faɗa, kuma da ya tambayi Malam da dattawan layi, rabinsu haka suka ce masa. Amma ni na san abin da ke raina. Ba Harami nake ji masa ba, ba karatun yarinya ba. Na binne ɗa ɗaya, ba na son in raka na biyu filin jirgi. Mayafin ya bi alhazai, jakar ta hau saman kabad. Bayan shekara huɗu aka sake yin wata afuwar, bai ko ɗaga maganar ba. Na riga na kashe masa gwiwa.

Mubina kuwa kaset ɗin nan sun yi aiki. Ta shiga jami'a ta karanta ilimin dabbobi, 'yan'uwa suna cewa wace irin mace ce za ta ƙare a kan masu jan ciki. Wata Juma'a na ji shi yana ƙyaƙyata dariya a matakala. Ta gaya masa wai masana sun sake ɗauke jar kulɓa daga wannan zuri'a sun mayar da ita waccan, sun canza mata suna, kuma ba shi ne karo na farko ba. Ta faɗi sunan, wani abu mai karya harshe. Ya ce, "To, ita ma iƙamarta ba ta zauna ba." Abokan karatunta sun je kurmi sau biyu da malamansu, ta ƙi bin su. Ta ce ta ga hotonta a littafi, wannan ya isa, da ido kuwa sai da babanta.

Ciwon suga ya daɗe a jikinsa bai sani ba. Mutumin da ke tsoron a tambaye shi takarda ba ya zuwa asibiti da wuri. Ido ya fara hazo, ya riƙa lalube a matakala. Shekarar da Mubina ta gama, ya sauko da jakar ya kakkaɓe ta, ya ce zai kai kansa a mayar da shi gida, ko da kwana nawa za a tsare shi. Wannan karon ban hana shi ba. Amma tiyo ya goge shi a ƙafa, ɗan ƙaramin rauni, ya ƙi warkewa. Cikin wata biyu ƙafar ta yi baƙi, idon ya rufe gaba ɗaya. Maƙwabta suka sauko da shi ɗakin Lurwanu. Wani likita ɗan unguwa ya duba shi, ya ja ni waje ya ce abin ya shiga jini, a yi ta addu'a.

Ina ba shi kunu na ce, "Sada, ni na riƙe ka. Da ban buɗe bakin nan ba, da yanzu kana can."

Ya ce, "Ƙafar tawa ce, Inna, ba taki ba. Ƙara mini sukari, likita ya tafi."

Na ce, "Ka mutu da daɗin baki?" Ya ce, "A gidanki na koya." Na juya masa baya don kada ya ji numfashina.

Mubina ta nemi hanyar zuwa Umra, abin bai yiwu ba. Sai ta ce masa a waya, "Baba, zan tafi kurmin. Kai za ka riƙa gaya mini hanya, ka ga kai ka kai ni ke nan." Ya ce ta jira ruwa, yanzu rani ne, ba za ta ga komai ba. Na karɓi wayar na fita tsakar gida na ce mata, "'Yar nan, babanki ba zai kai ruwa ba. Tashi ki tafi."

Ya ba ta kwatance kamar jiya ya baro wurin. Ta bi bayan masallacin zango ta gangara rafi. Za ta ga wani babban rimi a mashigi, mutum shida ba sa zagaye shi. Ta haye, ta shiga gonar goro, ta nemi gungumen da ya ruɓe har yatsa yana nutsewa. "Ki ɗaga shi ta can gefen, ba ta wajenki ba, saboda maciji. Kada ki kama ta a wutsiya. Kada ma ki kama ta. Ki duba kawai."

Kwana uku yana kwance da wayar a ƙirji. Ko motsi ta yi sai ya ce, "Inna, duba." A na uku, bayan Azahar, saƙo ya shigo, murya da hoto. Allah ya sa na fita da ita waje kafin in kunna.

Kuka take yi. "Inna, babu kurmin. Na tambayi tsofaffi, nan ne wurin. An sare shi tun shekara shida ko bakwai. Rafin ya zama kwata. Na ɗaga duk abin da zan iya ɗagawa. Ba zan iya gaya masa ba, Inna. Ke ki gaya masa."

Shida ko bakwai. Na ƙirga da yatsu. Shekarar da ya sayi jaka, kurmin yana nan tsaye.

Na buɗe hoton. Gonar rogo ce, da tulin bulo a gefe. A tsakiya ga kututturen rimi, baƙi ƙirin, an ƙone shi.

Na shiga ɗaki. Ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa, idanun nan farare.

"Ita ce?"

Na zauna a bakin gado. Na ce, "Ita ce. Hoto ta aiko. Babu layi sosai a can, ba za ta iya kira ba."

"Me kika gani?"

Na riƙe wayar a gabana kamar mai dubawa, kututturen yana kallona. A Makka nake, alwalar Azahar ba ta bushe mini ba. Na ce, "Ga ta nan a kan ganye. Bayanta kamar tagulla."

"Haƙarƙarin fa?"

"Ja wur. Da zane baƙi da fari, a tsaitsaye."

"Maƙogwaro?"

"Kamar zabo."

"Ba tsaka kika gani ba dai, Inna?"

Na ce, "Rufe mini baki. Yatsun nan sirara ne, jiki sumul. Shekara ashirin kana huda mini kunne, ka ɗauka bango kake yi wa magana?"

Ya yi murmushi. "Wutsiyar ta fari ce, ko sabon tsiro?"

"Ta fari ce. Ba wanda ya taɓa kama ta."

Hannunsa yana shafa bargo, yana ɗaga gefensa kaɗan yana saki. Can ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba da zargi ba, "A tsakiyar rani, Inna?"

Shi ya koya mini cewa ba ta fitowa da rani. Ya san na sani. Washegari da hantsi ya cika, aka yi masa salla a Harami bayan Azahar, kamar yadda na taɓa yi masa kwaɗayi. Mata suka cika mini gida suna cewa Sada ya yi sa'a, ya samu abin da kowa ke roƙo. Na ce musu su sha gahawa su tashi. Jakar tana nan a ɗakin Lurwanu, ban san wanda zan ba ba.

Amma a wannan lokacin, da ya yi tambayar, sai na kife wayar a cinyata, na gyara masa matashi, na dafa goshinsa. Ban sake yi masa wata magana ba bayan wannan. Na ce:

"An yi ruwa jiya, Sada. Ruwan fari. Ka kai ta, ta gani. Kwanta ka huta."